Rawanin Marafan Fata

A Wurno, in ka iya aiki a gidan Malam Gidaɗo mai sayen fata, to ka shiga uku. Ba zagi yake yi ba, ba ya kuma danne wa kowa hakki, tuwon gidansa ma har maƙwabta na shaida. Cutarsa guda ce. Duk wanda ya ga ya ƙware a wani aiki, sai ya kafe shi a wurin kamar turke, ya yi ta yabonsa har furfura ta fito masa. Rago ya fi samun sauƙi, don ana ta ɗaga shi daga nan zuwa can ana neman inda zai yi amfani. Gwani kuwa, inda aka same shi nan za a sallace shi.

A shekarun nan na bayan yaƙin Hitila, lokacin da Turawan kanti suka haukace a kan fatar jar akuya, Gidaɗo na da babbar rumfa a bayan gari, wajen fadama. Nan jakuna ke sauke fatu daga Goronyo da Marnona da Kwargaba. A kankare su, a shanya a inuwa yadda malaman fata na En'e, wato hukumar gargajiya, suka ce a riƙa yi, sannan a zaɓa, a ware lamba ɗaya da lamba biyu da wadda wuƙa ko ƙazuwa ta ɓata, kafin mota ta kwashe zuwa Gusau. Arzikin gidan duk a kan zaɓen nan yake rataye, zaɓen kuwa a hannun mutum ɗaya yake, Mainasara.

Mainasara ya shigo rumfar yana saurayi ba gemu, ga shi yanzu har an fara gaishe shi da surukuta. Gajere ne, siriri, mai idon tsokana. Warin ɗanyar fata ya kama jikinsa har ya zama nasa, in ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya tuna bai ajiye takalminsa daidai ba. A ƙarƙashinsa akwai Mode, wani ƙato mara magana, magidanci mai 'ya'ya, wanda aikinsa kankara kawai. Gidaɗo ya hana shi ko da furta ra'ayi a kan fata, wai kada ya rikita gwani.

Ana shirin Babbar Salla, lokacin da fatun layya kan cika ko'ina, sai tsoho Maccido, wakilin Gidaɗo na kasuwar Goronyo, ya aiko cewa gwiwoyinsa sun ƙi, ya ajiye aiki. Wakilci ba ƙaramin abu ba ne. Mutum na da rumfarsa, yana zaune cikin riga mai tsabta, shi ke ciniki da mahauta, shi ke yanke magana. Washegari da hantsi sai ga Mainasara a zaure, ya wanke hannu har gwiwa, ya durƙusa.

"Maigida, Allah shi ƙara girma. Na ji Baba Maccido ya aje aikin Goronyo. Nic ce bari in hwaɗa maka da bakina, kada wani shi riga ni. Ina son wurin."

Gidaɗo ya shafa gemu, ya yi fuskar tausayi.

"Haba Mainasara! Mi za ka yi Goronyo? Ga zahi, ga ƙudaje, ga mahauta marasa kunya. Kai da kah hi kowa a rumhwa? In ka tahi, wa ka zaɓa muna hwata?"

"Mode na nan, Maigida."

"Mode kankara shika yi."

"Ita kaɗai anka bari shi yi."

"To," in ji Gidaɗo, "sai an duba."

Babu wanda bai san fassarar "sai an duba" ba a gidan nan. Ita aka yi ta gaya wa Junaidu, mai awo a sikeli, wanda ya tashi a hannun Gidaɗo tun yana ƙarami. Kowace shekara ya roƙi a matsa da shi gaba, kowace shekara ana dubawa, har ya gaji ya naɗe tabarmarsa ya koma Rabah. Yanzu yana da rumfar kansa a can, yana kwashe wa tsohon ubangidansa mahauta ɗaya bayan ɗaya. A bainar jama'a Gidaɗo butulu yake ce masa, amma har yau in an ambaci sunan, sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, don yana son yaron.

Ba a jima ba wani mai jakuna ya kawo labari. Ran kasuwar Rabah an ga Mainasara a zauren Junaidu, yana shan fura da ludayin maigidan. An ce har an ƙulla magana: da zarar an gama shagalin Salla, Junaidu zai zo da kansa ya ɗauke shi, ya sa shi wakili a kasuwar Gandi.

Gidaɗo ya shiga gida ya iske matarsa Kaltume tana ɓare tafarnuwa a inuwar rumbu. Ya zauna ya tashi, ya sake zama, sannan ya amayar mata da abin da ya ji.

Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malam, ba shi Goronyo mana."

"Wa ka zaɓen hwata?"

"Haka kac ce lokacin Junaidu, wa ka awo. Yau wa ka yi maka awon? Mutum in ya daɗe wuri guda, girma shika so."

Maganar Kaltume doguwa ce, amma Gidaɗo kalma ɗaya ya tsinta a ciki ya sa aljihu. Girma! Ashe abin da ake ta wannan rigima a kansa ke nan? Ai girma ba ya bukatar a tura mutum Goronyo. Turmin farin yadi ya ishe shi. Ya fito yana murmushi shi kaɗai, yana jin duk ƙasar Rima babu mai wayonsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka yi shimfiɗa a ƙofar gidan Gidaɗo. Ya gayyato limamin unguwa da Sarkin Fawa da dattawa, ya kira masu kalangu, aka raba goro. Sarauta ce irin ta gida, wadda masu hali kan ba yaransu, ba mai damuwa da ita a fadar hakimi. Gidaɗo ya tashi ya yi jawabi a kan amanar Mainasara har wasu suka share hawaye, sannan ya sanar cewa daga yau shi ne Marafan Fata. Tun da aka kafa Wurno ba a taɓa jin wannan sarauta ba, amma kalangu ya karɓe ta nan take kamar da ma ya san ta. Aka zura wa Mainasara babbar riga. Gidaɗo da hannunsa ya naɗa masa rawani, ya ja amawali ya rufe masa baki da hanci. Liman ya yi addu'a, jama'a suka shafa.

Idanun Mainasara kaɗai ke waje, suna kuwa dariya. Gidaɗo ya ɗauka murna ce.

Washegari rana ta daɗe da fitowa, babu Mainasara a rumfa. Gidaɗo na tsaye yana cizon yatsa sai ya ji kalangu daga wajen gonakin albasa. Ga Marafa nan tafe, yana taku ɗaya ɗaya, rawani ya sha gyara, riga na jan ƙasa, makaɗi na biye da shi. Da ya iso bai shiga cikin rumfar ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofa, inda iska ke kaɗawa, ya zauna ya harɗe.

"Mainasara, rana ta yi," in ji Gidaɗo.

Mai rawani ko waiwaye bai yi ba. Makaɗi ya matso ya rage murya. "Maigida, ai sunan nan ya ɓace tun jiya. Kai kaɓ ɓad da shi."

Gidaɗo ya gyara murya. "Marafa, barka da isowa. Ga hwatu can na jira."

"Mun gani," in ji murya daga cikin amawali. "Mode! Kawo muna su guda guda."

Ai kuwa haka aka yi. Mai rawani ba ya tsuguno a cikin jini da kitse, wannan ko yaron goye ya sani. Mode ya riƙa ɗauko fata, ya ɗaga ta ga hasken rana, Marafa na nuni da 'yar sanda yana tambaya, "Mi kag gani?" Mode, wanda bai saba a tambaye shi komai ba, sai ya yi ta zufa yana in'ina. In ya ce lamba ɗaya ce, Marafa ya ce, "Shahwa wuyan." Ya shafa, ya ji inda wuƙa ta zarce. In ya ce ta zubarwa ce, Marafa ya ce, "Tabon kaska guda na, kada ka yi muna ɓarna." Aikin da Mainasara kan gama kafin azahar, ranar har la'asar ba a ci rabinsa ba. A tsakani kuma mahauta na zuwa gaisuwa, su zube, ya ɗaga musu hannu, makaɗi na amsawa a madadinsa. Wani ya tambaye shi yaya sarauta, ya ce alhamdu lillahi, tun da aka rufe masa hanci ya gane ashe rumfar nan wari take yi.

Haka aka yi ta yi, fatu na taruwa. Gidaɗo ya rame a tsaye. Ga Goronyo ba wakili, an ce mutanen Junaidu sun riga sun baza tabarma a can. Ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ja Marafa bayan rumfa, inda ba mai ji.

"Kai, wasa ya isa haka. Cire tsumman ga ka kama aiki."

"Tsumma, Maigida?" Mainasara ya dafe ƙirji. "Abin da liman yay yi ma addu'a? Ni ban isa in cire shi ba. Wanda yan naɗa shi ka tuɓewa. In kana so, a sake shimhiɗa, a kira liman da Sarkin Hwawa da dattawa, ka hwaɗa musu laihin da nit tabka, ka warware abinka."

Gidaɗo ya auna maganar. Laifin me zai faɗa? Ya ce ya naɗa mutum sarauta, mutumin kuma ya riƙe ta da kyau? Wurno za ta yi shekara tana dariya, mata su sa shi a waƙar daka. Ya ƙulla igiya da hannunsa, ga ta ta naɗe masa ƙafa. Da ya kai ƙara wurin Kaltume, ta yi dariya har ta ture faifan tafarnuwa, ta ce ita dai ta san ba yadi ta ce a saya ba.

Salla ta zo, fatun layya suka yi ta shigowa, na raguna da na awaki, a kan jakuna, a kan kawunan mutane. Ɗanyar fata ba ta jira, in ta daɗe a tare sai ta ruɓe. Marafa na kan buzunsa, Mode na ta fama shi kaɗai. Gidaɗo ya duba gabas ya duba yamma, bai ga mafita ba. Ya tuɓe rigar Sallarsa ya rataye, ya naɗe wando, ya shiga rumfa ya tsuguna kusa da Mode. Rabonsa da wannan tsuguno tun kafin ya yi aure.

Kafin azahar bayansa ya ƙage, ƙudaje sun mai da fuskarsa gida, warin ya shige masa har maƙogwaro. Ya ɗan ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa, ya ga hasken waje da mutane na wucewa cikin sababbin kaya, sai wani abu ya soke shi a zuciya. Wannan ne Mainasara ke gani kowace Salla tun yana saurayi. Shi kuwa yana can zaure yana ce masa gwani. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a gaya wa kowa.

Wani abin kuma ya lura da shi. Mode ya daina in'ina. Ya ɗaga fata, ya shafa wuya, ya jefa ta inda ta dace, ba ya ko jiran sanda. Sai can ba a rasa ba Marafa zai yi gyaran murya, Mode ya sake dubawa. Gidaɗo ya yi ta satar kallon tulin da Mode ya ware yana neman kuskure, ya ɗan samu, amma ba abin a zo a gani ba.

Ana cikin haka aka ji ƙararrawar keke. Junaidu ne daga Rabah, cikin shuɗiyar riga mai aiki, ya zo ɗaukar Mainasara yadda suka yi alkawari, bai ko jira an gama shagali ba. Ya jingine keken, ya cire takalmi, ya zube gaban buzu.

"Marafa, Allah shi ja zamaninka! Barka da Salla." Sannan ya leƙa cikin rumfa, ya kare ido da hannu. "A'a, kun yi sabon ma'aikaci? Sannu da aiki, dattijo. Ka dage, in ka ƙware ba ka barin wurin ga har abada."

Mode ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Makaɗi ya juya baya. Gidaɗo ya miƙe da ƙyar yana dafa ginshiƙi, ya fito da hannuwa duk kitse. Ya shirya zagi tun daga ciki, amma da ya tsaya gaban Junaidu, ya ga yaron da ya raina har ya fara furfura a gefen kai, sai zagin ya gudu. Abin da ya fito daban ne.

"Junaidu, mi nir rage ka da shi? Ci ko sha?"

Dariyar ta bar fuskar Junaidu. "Ko ɗaya, Baba. Amma gidanka ƙohwa guda ta ka kai mutum gaba, ita ta ƙohwar hita. Ita nib bi."

 Gidaɗo ya juya ga mai rawani.

"Marafa."

"Na'am, Maigida."

"Goronyo taka ta. Ran kasuwa mai zuwa ka tahi ka zauna rumhwar Maccido. Ga mutane sun ji. Kai kuma Mode, zaɓe ya koma hannunka."

 Mainasara ya kai hannu ya fara warware rawanin, ninki bayan ninki.

"A'a," in ji makaɗi, "ba an ce sai wanda yan naɗa ba?"

"Waccan tuɓewa ta," in ji Mainasara. "Wanga murabus na. Mun samu abin da yah hi." Fuskarsa ta fito, aka ga idanun nan na tsokana sun cika da ruwa. Ya dubi Junaidu ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ka sha hanya banza."

Junaidu ya ɗaga keken, ya tsaya yana riƙe da shi. Ba Mainasara yake kallo ba.

"Baba, da ka hwaɗa mini rabin wagga magana, da rumhwar Rabah taka ta yau, ni ina tsaronta."

Ya hau ya tafi. Gidaɗo ya bi shi da ido har ya sha kwanar gonakin albasa.

Mainasara ya tuɓe babbar riga, ya rataye rawanin a wani ƙusa da ke jikin ginshiƙin rumfa, ya tsuguna tsakanin Mode da maigida. Ashe hannun nan ƙaiƙayi yake yi tun ranar naɗi. Su uku suka tasam ma tulin, kafin rana ta yi sanyi sun ga ƙasa.

Ran kasuwar Goronyo da sassafe aka yi wa Mainasara rakiya har bakin gari, yana kan jaki, cikin farar riga, yana ƙamshin turaren da matarsa ta zazzage masa. Gidaɗo ya dawo rumfa ya iske Mode na ware fatu cikin natsuwa, hannunsa na tafiya kamar an haife shi a kan aikin. Daɗi ya kama shi. Tsohon ciwo ya motsa.

"Kai Mode, ashe gwani na kai! Wallahi ka kusa hin Mainasara. Wurin ga naka na har..."

Mode ya ajiye fatar da ke hannunsa, ya goge tafi a cinya, ya durƙusa. Mutumin da a da sai a yi mako ba a ji muryarsa ba.

"Maigida, Allah shi ƙara girma. Nic ce in tambaya tun da wuri. In na gama da rumhwa, ina nika zuwa?"

Bakin Gidaɗo ya buɗe da kansa. "To, sai an..."

Sai ya lura ba shi Mode ke kallo ba. Ya bi idonsa zuwa ginshiƙi. Rawanin na nan rataye a ƙusa, fari fat, iska na ɗan kaɗa bakinsa, kuma ga dukkan alamu zai zauna daidai a kan Mode.

Gidaɗo ya yi tari, ya gyara tsayuwa.

"Gandi," ya ce. "Baɗi za mu buɗe rumhwa Gandi. Amma tun yau ka nemo wanda za ka koya ma zaɓe."